Zare: Yadda gidan Bahaushe ya tashi daga faɗi ya koma hawa sama, daga Gumel zuwa Kano

1/
Makon jiya saura ƙiris a yi rigima a gidanmu na Gumel a kan taga. Taga ɗaya tak, ko gina ta ba a yi ba, a takarda kawai take. Ita ta sa na koma bin tarihin ginin bene a ƙasar Hausa. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/
Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, aka raba gida. Gidan da muka tashi muna ganin ba shi da iyaka, da aka sa tef aka auna aka raba wa magada, kowa ya tashi da abin da bai kai ɗaki da tsakar gida ba. Yayanmu ya sayi rabon ƙannenmu mata biyu ya haɗa da nasa, ya samu ƙafa 30 a ƙafa 40. Mata ɗaya, yara biyar, ga Hajiya ta ce ita ba inda za ta, nan aka kawo ta amarya nan za a ɗauki gawarta.

3/
Ƙafa 30 a 40 fa. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na cikakken fuloti mai 50 a 100 bai cika ba. Babu wata dabara sai hawa sama.

4/
Da mai zane ya kawo takarda, maƙwabcinmu, dattijo abokin Baba, ya leƙa ya ga taga tana fuskantar gidansa. Ya ce wa Yaya: "Ɗana, shekara arba'in ina maƙwabtaka da mahaifinka bai taɓa ganin tsakar gidana ba. Kai ne za ka fara?" Yaya ya fusata, wai filinsa ne kuɗinsa ne. Ni ma da farko bayan Yaya na bi. Sai da na yi karatu jikina ya yi sanyi.

5/
Mu fara da garinmu. Masarautar Gumel ta samo asali wajen 1750, daga Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa. Ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba bayan jihadi, Barno take kai wa gaisuwa. Fadar ma ba a nan ta fara zama ba, ta yi zama a Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, kafin a dawo Gumel a rabin farko na ƙarni na 19.

6/
Ku riƙe wannan, domin yana da alaƙa da gini. Gari ne na kan iyaka, tsakanin Damagaram da Haɗeja da Kano, yaƙi bai cika nisa da shi ba. Mutumin da yake zaune da shirin ko yaushe a iya ƙone garin, ƙarfinsa a ganuwa yake zubawa. Ga ƙasarmu kuma jigawa, yashi ya yi mata yawa. Ƙasar gini mai danƙo ba ko'ina ake samunta ba. Shi ya sa a ƙauyukan Sule Tankarkar da Maigatari har yau za ka ga dangar kara da zana da ɗakin ciyawa sun fi katanga mai tsawo yawa.

7/
Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa kasuwar kanwa ce. Kuɗi na shigowa garin tun lokacin. Amma kuɗin fatake a raƙuma da jakuna da haja yake tafiya.

8/
To ina benen yake? Kano.
Clapperton, Baturen Ingila, ya shiga Kano a Janairun 1824, ya kuma bayyana gidajen ƙasa masu hawa biyu: babban ɗaki a tsakiya da itacen giginya ya riƙe rufinsa, matakala ta hau sama, ɗakunan sama da 'yan ƙananan tagogi. Shekara 200 kenan. Duk wanda ya ce muku Turawan mulki ne suka koya mana bene, ku ce ya sake bincike.

9/
Wani abin dariya a gefe: da yawa daga masu irin waɗannan gidaje Larabawan Gadamus da Tarabulus ne, fatake. Kuma su ake ce wa Turawa a da, kafin na Ingila su zo su gaje sunan. Unguwar Dandalin Turawa a cikin birnin Kano tasu ce.

10/
Ba Kano kaɗai ba. Ku je Damagaram ku ga fada da tsofaffin gidajen attajirai a Birni da Zango. Ku dubi hasumiyar Gobarau a Katsina. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, ƙasa zalla da itace. A Zariya kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, rufin da har yau masana gini daga ƙasashen waje suke zuwa kallo. Iyawa kam an iya.

11/
Ga yadda suke yi, nan ne daɗin labarin.
Tubali na da ba mai kusurwa huɗu ba ne kamar bulo. Curi ne da hannu, ƙasansa faɗi samansa tsini, a shanya a rana. Magini na zaune a kan katanga kamar mai hawan doki, yara na jefo masa tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana cafewa. Katangar bene a gindi takan yi kauri sosai, tana hawa tana sirancewa. Nauyin yana ƙasa, saman ba nauyi.

12/
Sai azara. Giginya ake faskarawa, wani wuri goriba. Gara ba ta cika cinta ba, shi ya sa take daɗewa. Amma tana da iyaka: idan ka shimfiɗa ta tsakanin katanga biyu ka ɗora mata ƙasa, abin da za ta ɗauka bai wuce faɗin ƙafa shida ba. Ya wuce haka sai ta lanƙwashe.

13/
Kun ga dalilin da ya sa ɗakunan kakanninmu ƙanana ne? Azara ce take yanke wa ɗaki faɗinsa. Mai son ɗaki babba sai a fito da azara daga jikin katanga hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har a rage tazarar. Mai son wanda ya fi haka sai bakan gizo: a ɗaure azara da igiya daga ɓangare biyu, tana lanƙwasa har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna shi ne ɗaurin guga da kuke gani a sorayen fada.

14/
Abin da muke yi yau da rodi da kankare kenan, su suka yi da giginya da laka.

15/
Ruwa kuma? Makuba daga kwasfar ɗorawa, a jiƙa a yi yaɓe da ita. Ga laso: katsin da ake kwasowa daga karofi, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Sharar marina da sharar majema ita ce simintinsu. Sai indararo ya fitar da ruwa nesa da katanga, rawani ya kewaye rufi, zanko ya tsaya a kusurwa. Kowace shekara kafin damina a yi gyara. Gidan da aka daina yi wa yaɓe, ya fara mutuwa kenan.

16/
To in an iya, me ya sa talakawa ba su yi ta hawa sama ba?
Na farko, fili ya wadata. Ko a Kano, matafiyan nan sun tarar mafi yawan abin da ganuwa ta kewaye gonaki ne da fili da kududdufi. Ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe a cikin gida ko a matsar da danga. Gidan gandu a faɗi yake girma.

17/
Na biyu, kuma a ganina shi ne babba: rayuwar gida a ƙasa take. Daka, surfe, shiƙa, shanya, girki da itace, turken awaki, akurkin kaji, rijiya, rumbu. Wace mace ce za ta hau da turmi sama? Tsakar gida ita ce ainihin gidan. Ɗakuna wurin kwana ne da ajiya.

18/
Bene a da na maigida ne. Turakarsa, wurin karatunsa, ma'ajiyar hajarsa, wurin shan iska da bazara. Sarki, attajiri, babban malami. Talaka ya ɗaga soro ya fi na masu gari, ya jawo wa kansa ido.

19/
Na uku shi ne maganar tagar nan.
Tsarin gidan Bahaushe gaba ɗaya a kan ido aka gina shi. Ka shiga zaure, ƙofar fita ba ta kallon ta shiga. Ka faɗa ƙofar gida, sai shigifa, ita ma a karkace. Baƙo zai yi shekara yana zuwa zaure bai san launin tabarmar tsakar gida ba. Duk wannan wahala da aka sha, mutum ɗaya ya hau bene ya buɗe taga, ta rushe.

20/
Kuma ba al'ada kaɗai ba ce, shari'a ce. A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Barno da na Sakkwato duka suke hukunci da shi, leƙen gidan maƙwabci cutarwa ce da ake hanawa. Kana da ikon ɗaga gininka, amma tagar da take kallon iyalin wani alƙali zai iya sa a toshe ta, ko a ɗaga ta sama yadda mai tsayuwa ba zai hango ba.

21/
Akwai wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibn Rami, da alƙalai suke turawa ya duba irin waɗannan rigingimu. Ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini: taga, ƙofa mai kallon ƙofar maƙwabci, indararo mai zuba a gidan wani, hayaƙi, katangar tarayya. Wato rigimar Yaya da dattijon nan an yi irinta shekara 700 da suka wuce, kuma mai taga ne yake faɗuwa.

22/
Yanzu yaushe abin ya juya?
1903 Turawa suka ci Kano, Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓe su a shekarar. Suka zo da nasu tsarin: gida a tsakiyar fili, tagogi manya suna kallon waje, fili ya kewaye gida. Namu kuwa gida ne yake kewaye fili. Suka yanka unguwanni layi-layi da fuloti mai kusurwa huɗu. Awon 50 a 100 da muke rantsuwa da shi yau, gadon wannan zamani ne.

23/
Sai jirgin ƙasa. Layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930 ya ratsa ta Gagarawa. Gyaɗa ta fita, kuɗi ya shigo, kwano da siminti suka biyo baya a hankali. Kwano ya yi farin jini don ya raba mutane da yaɓen kowace shekara da fargabar rufi ya zubo cikin dare. Ba na ganin laifin wanda ya zaɓe shi. Wanda bai taɓa kwana yana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo ba shi ne yake waƙar ginin ƙasa a intanet.

24/
Amma mun biya farashi. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana, sai dare ta sake shi. Bulo mai inci shida da kwano ba silin, a Gumel, a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40? Tanda kenan.

25/
Shekarun 1970 suka ƙarasa aikin: kuɗin mai, ƙarin albashin Udoji a 1974, kowa na son gidan siminti. 1978 aka yi dokar filaye da ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, fili ya zama abin takarda da lamba. 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Ƙidayar 1991 ta ba jihar mutum kusan miliyan 2.9, ta 2006 ta ba ta sama da miliyan 4.3. Mutane suna ƙaruwa, cikin gari bai ƙaru da taku ɗaya ba.

26/
A Gumel ku ƙara da Kwalejin Ilimi da ɗalibai da ma'aikata masu neman haya, da hada-hadar kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Fili a bakin titi ya zama shago. Zaure da yawa an fasa su an sa ƙofar ƙarfe. Ku lura in kuna wucewa, gidaje nawa ne suka rage da zaure na gaske?

27/
Sai gado. Kaka ya bar gida ɗaya. 'Ya'ya goma suka raba. Jikoki arba'in suna jiran nasu. A da, in gida ya cika, wani ya fita ya sari daji. Yau bayan gari fuloti ne na sayarwa, ga nisa da ruwa da wuta da makarantar yara. Abin da ya kai Yaya ga 30 a 40 kenan, kuma na san da yawanku kuna karanta wannan kuna tuno naku gidan.

28/
Ba mu ne farkon waɗanda ƙunci ya tura sama ba. Shibam a Yaman gari ne a kan ɗan tudu cikin kwarin da ambaliya take bi, ga ganuwa ta matse shi. Suka gina gidajen ƙasa hawa biyar, shida, bakwai, iyali ɗaya a kowane gida. Ƙasa dabbobi da hatsi, sama mutane, can ƙololuwa fili mai katanga na mata da yara. Wato tsakar gidan suka ɗauka suka kai sama.

29/
Wannan dabarar ce ta warware mana. Muka koma wurin mai zane, muka tafi da wani tsohon magini da ya yi wa Baba aiki tun muna yara. Zaman ya yi zafi, don mai zane yana ganin tsohon bai yi boko ba, tsohon yana ganin yaron bai taɓa riƙe cebur ba. Amma abin da suka fitar ya fi na farko nesa.

30/
Hawan ƙasa: ɗan zaure mai ƙofarsa daban, baƙin Yaya su tsaya nan. Ɗakin Hajiya da banɗakinta, don gwiwarta ba ta hawa matakala. Kicin. Sai tsakar gida ƙafa 10 a 12, a buɗe har sama. Yaya ya so a rufe ta a ƙara ɗaki. Tsohon ya ce: "Alhaji, in ka rufe nan, ta ina gidan zai yi numfashi?" Gaskiyarsa. Gidan da maƙwabta suka matse ta gefe uku, ta wannan ramin kaɗai haske zai shigo, iska mai zafi ta fita.

31/
Matakala tana cin wuri fiye da yadda ake zato. Hawa mai tsawon ƙafa 10 yana son taki wajen 17. In ka miƙar da ita za ta ci ƙafa 14. Aka naɗe ta biyu da wurin hutawa a tsakiya, ƙarƙashinta ya zama sito. Don Allah kar ku bari birkila ya matse muku matakala don a samu ɗaki. Mai ciki za ta hau, yaro zai sauko da gudu, wata rana kuma za a sauko da marar lafiya.

32/
Hawa na biyu: ɗakin Yaya, na matarsa, na yara mata, na yara maza. Duk manyan tagogi suna kallon tsakar gidanmu ko titi. Bangon yamma ba taga, don ranar la'asar ita ce mai dafa ɗaki. Na gabas aka ce a yi masa filasta mai kyau, don hadarinmu daga gabas yake tasowa, nan ruwa yake duka. Tsohon ya sa aka juya masai kada ya fuskanci alƙibla, abin da mai zane ya manta sam.

33/
Can sama: dekin a shimfiɗe, da rawani mai tsawon da ya wuce kan mutum. Nan shanya, nan tanki da sola, nan kwanan bazara in wuta ta ɗauke. Mai tsayuwa a wurin sama kawai zai gani, ba ya ganin gidan kowa, ba mai ganinsa.

34/
Ɓangaren dattijon kuwa, taga ta koma 'yar siririya can kusa da silin, iska ta wuce ido bai wuce ba. Irin dai ƙananan tagogin da Clapperton ya gani a Kano a 1824.

35/
Gargaɗi ɗaya, da babbar murya. Tsohon cikin gari cike yake da ramukan da aka cike: tsohuwar salga, rijiyar da aka binne, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini aka mayar da shara. Ɗora bene a kan irin wannan wuri ba tare da injiniya ya duba ƙasa ba, ganganci ne. A filin Yaya kansa salga biyu muka tuna, ɗaya daidai inda aka so kafa ginshiƙi. Hajiya ce ma ta tuna ta biyun.

36/
Haka masu cewa "a yi ƙasa tukuna, in an samu kuɗi a ɗora." Ba laifi, amma tun ranar haƙa tushe ake yanke hawa nawa gini zai ɗauka. Tushen hawa ɗaya ba ya zama na hawa uku don an bar rodi yana leƙe a sama. Mun ga benen da ya rufta a titin Beirut a Kano a Agustan 2022, ana cikin gininsa. Maginan da suna faɗaɗa gindin katanga tun daga ƙasa in sun san za a hau, ba su taɓa yin wasa da wannan ba.

37/
Jiya da yamma Yaya ya ɗauki sabuwar takardar da kansa ya kai wa dattijon, ya durƙusa ya ce: "Baba, a duba mana." Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, na tabbata ba duka ya gane ba. Ya tambayi inda indararo zai zuba. Aka nuna masa titi. Ya ce Allah ya sa albarka, in an tashi haƙa tushe a faɗa masa ya matsar da tumakinsa daga jikin katanga.

38/
Saura rigima ɗaya, ta cikin gida. Hajiya ta ce ƙafa 10 a 12 ba zai ɗauki turminta da akuyarta da murhunta ba, kuma ba ta yarda da tuwon gas ba. Matar Yaya ta ce akuya ba za ta zauna mata a ƙarƙashin taga ba. An ɗage zaman sai Kawu ya dawo daga Maigatari ranar Juma'a.